Tsakuwa a Kalmasar Riga

Asabar, 5 ga Oktoba, bayan Azahar

Yau Bandar ya zo da zane-zanensa cikin jakar fata, ƙamshin turarensa ya riga shi hawa bene. Kakar yaron nan a bakin titin Mansur, nan Makka, ta tsufa tana sayar da daddawa. Shi kuma an tura shi Italiya ya karanto kiɗa, ya dawo da gemu kamar an fara aski an fasa. Hausarsa abin tausayi.

"Hala Hadijatu, shugul ne kabir, wallahi," in ji shi. "Obera ta farko da Hausa, a Jidda. Kaya goma sha huɗu. Babu mai ɗinka su sai ke."

Wai "Inna, babban aiki ne" yake nufi. Na tambaye shi mece ce obera. Ashe wasan kwaikwayo ne da ba a magana, komai sai da waƙa. In mutum zai ce a miƙo masa ruwa, sai ya wage baki ya yi ta kururuwa har ƙishirwar ta wuce. Labarin wai na zamanin zuwa hajji a ƙasa ne. Wata 'yar mishan, Lidiya, ta ga wani alhaji mai wucewa ta garinsu, ta musulunta ta biyo shi Makka. Shi ke nan labarin. Awa biyu da rabi.

Abin dariyar bai ƙare ba. Raghad, 'yata, haihuwar unguwar Nakkasa, wadda ba ta taɓa ganin ƙofar coci ba, ita za ta fito a Lidiya. Alhajin kuma wani kirista ne aka ɗauko daga Najeriya, Irmiya, wai muryarsa babu irinta. Kirista zai naɗa rawani ya musuluntar da 'yar Makka, a tafa musu.

Na karɓi aikin don Raghad ta tsaya bayan Bandar tana roƙona da ido. Na dai gaya masa ba zan je Jidda awo ba. Iƙamata, takardar zama a ƙasar, ta mutu tun rasuwar mijina Kabo, shekara goma sha ɗaya ke nan, in na fita Makka ba ni da tabbacin wuce shingen bincike a dawowa. Baƙon nasu kuma ba musulmi ba ne, ba a bari ya shigo. Sai dai a aiko mini da awo a takarda.

Lahadi, 6 ga Oktoba, da hantsi

Ban taɓa keken ɗinki ba. Kaina ke ciwo.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan La'asar

Raghad tana gwada murya a banɗaki, wai can sauti ya fi fita. Ɗaso mai waina ta hawo da gudu, hannunta duk ƙullu, tana salati, ta ɗauka rasuwa aka yi. Na ce mata babu wanda ya mutu, 'yata ce take musulunta.

Wurin nan ne ya fi ba ni haushi a wasan. Lidiya ta ɗaga hannu sama, ta ja murya har gilashin taga ya yi rawa, shi ke nan imani ya sauko mata kamar an kunna fitila. Ba uwa a labarin, ba uba, ba wanda ya zauna jiran ta da abinci. Na tambayi Raghad ina uwar yarinyar. Ta ce, "Ummi, ma fi uwa, babu uwa a wasan, yani ba ta da muhimmanci." Ba ta da muhimmanci. To.

Ɗaso ta ga littafin nan a kan keke ta ce, "Ke kam Maman Raghad, ina kika koyi boko haka?" Na ce a makaranta. Ba ta tambayi wace makaranta ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan Azahar

Awo ya iso. Mutum goma sha uku Bandar ya rubuto, da rubutunsa mai kama da sawun kaza. Na sha huɗun babu. Na ce wa Raghad ina awon alhajin ƙarya? Tana tsaye tana cin burodin tamis da wake, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Kafaɗa sha tara, ƙirji arba'in da biyu, hannu ashirin da shida, wuya sha shida da rabi. Ki ƙara masa kaɗan a wuya, ba ya son matsi in zai ja numfashi."

Na ajiye almakashi. Shekara talatin ina ɗinki, awon namiji ɗaya kawai na taɓa haddacewa, na Kabo, kuma na san abin da ya sa na haddace shi.

Na ce wa ya auna shi? Ta ce ita, wai ranar babu kowa kusa. Na ce kuma sai ya zauna miki a ka? Ta ce, "Ummi, lambobi ne bas." Wai lambobi ne kawai, amma sai ta ajiye burodin ta tafi neman ruwa. Yarinyar da har yau ba ta iya riƙe lambar wayata ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da hantsi

Ciwon kai. Na rufe taga na kwanta har Azahar.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan Azahar

Yau rigar Lidiya ta farkon wasa, inda ake yi mata baftisma a kogi. Da na buɗe zanen Bandar sai da na yi dariya ni kaɗai. Riga mai jan ƙasa, leshi a hannu, ƙaton gicciye a ƙirji, kai a buɗe. A waya ya gano wannan, ko shakka babu. Wace 'yar ƙauye ce za ta shiga ruwa da leshi? Wace uwa ce za ta bar ta gaban dattawan coci ba ɗankwali?

Na ninke zanen na tokare ƙafar keke da shi, dama tana rawa. Na yanka farin akoko mai kauri, wanda ba ya nuna jiki in ya jiƙe, wuya a rufe, tsawo har ƙwauri, ɗankwali daga ragowar yadin. Na yi kalmasa mai faɗin yatsa uku, na jawo gwangwanin tsakuwar da ta rage mana tun jifan hajjinmu na farko da Kabo, na zura guda bakwai, kowace na kama ta a wurinta da zare. Ban taɓa gama riga da sauri haka ba. Hannuna ne ya yi ta tafiya, ni ina kallo.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan Magariba

Raghad ta faɗa. Ta zauna a bakin katifa tana murza gefen mayafi, ta ce, "Ummi, Irmiya zai musulunta. Bayan wasan zai je ofishin da'awa a Jidda ya yi shahada, a ba shi takarda, ya shigo Makka ya gaishe ki. Aurena yake so."

Na ce, "Da waƙa zai yi shahadar ko da magana?"

"Ummi!"

"Tambaya na yi. Ya sa rawani a gaban madubi, ya ga ya yi masa kyau, shi ke nan ya ga hasken Allah. Ke ya gani. Irin wannan musuluntar na san ta ciki da waje."

"A ina kika san ta?"

Na ce a titin Mansur, me ba a gani ba.

Ta ce yana karatu, yana tambaya, ya daina wannan ya daina wancan. Na ce uwarsa fa, ta sani? Ta ce zai gaya mata daga baya, in komai ya lafa, don tsohuwa ce kuma shugabar matan zumunta a cocinsu, abin zai yi mata nauyi. Daga baya. In komai ya lafa. Na ce muddin ina numfashi ɗan waƙar nan ba zai taka benen nan ba, da takarda ko babu takarda.

Ta ce, "In bai shigo ba, ni zan fita."

Ta san sarai inda ta soka. Ita tana da iƙama ta wurin aikinta, Jidda a wurinta tafiyar awa ɗaya ce. Ni kuwa in ta koma can da zama ba ni da hanyar bin ta, kuma ita kaɗai gare ni.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan La'asar

Na je Harami na yi ɗawafi, na roƙi Allah Ya raba 'yata da yaron nan. Na buɗe baki zan ƙara da cewa Ya mai da shi wurin uwarsa, sai kuka ya zo mini, irin wanda na tsana, mai majina. Wata 'yar Indonesiya ta miƙo mini tishu tana shafa bayana. Ta ɗauka tsoron Allah ne.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da hantsi

Ciwon kan dai. Raghad ta kwashi kayan ta kai Jidda gwaji, ba ta yi mini sallama ba.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan La'asar

Ta dawo da farar rigar ta shimfiɗa mini a kan keke. Wai Bandar ya fara fushi don ba zanensa ba ne, daga baya kuma ya shiga yabon rigar kamar shi ya yi tunaninta. Amma da Raghad ta durƙusa a dandamali sai aka ji ƙwas a kan katako. Bandar ya ce a farke a cire ko mene ne. Irmiya ya sunkuya ya kama bakin rigar ya murza, ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce kada wanda ya taɓa.

"Ummi, ya ce a garinsu haka uwaye suke yi wa 'yan mata ranar baftisma. Suna sa tsakuwa a kalmasa don kada kogi ya ɗaga rigar a gaban maza. Ya ce ba a rubuta wannan a ko'ina ba, sai wadda ta shiga ruwan, ko ta ɗinka wa mai shiga. Ummi, a dandamali ma fi moya. Babu ruwa ko ɗigo. Shuɗin yadi ake kaɗawa."

Na san babu ruwa. Tun ranar farko Bandar ya gaya mini yadi ne. Ban san inda hankalina ya tafi ba ranar Litinin ɗin nan.

Na ce tsakuwa don riga ta zauna ne, kowane tela ya sani. Ta ce to me ya sa ban sa wa sauran goma sha ukun ba? Na ce ɗan waƙar nata ya ji da maƙogwaronsa ya bar mini ɗinkina. Ta tsaya tana kallona kamar yau ta fara ganina.

Da ta shiga ɗaki na ga 'yar takarda an maƙala da fil a wuyan rigar. Lambar waya ce, da sunan Irmiya a ƙasa.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan Asuba

Shisshigi. Wa ya tambaye shi?

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan Azahar

Raghad ta haɗa akwati, ta ɗauki rigar. Za ta zauna gidan yayar Bandar a Jidda har a gama wasa, bayan nan wai a gani. Ɗaso tana bakin ƙofa tana juya waina, idonta a kan akwatin. "Tafiya ce, Maman Raghad?" Na ce aiki ne. Ta ce, "Allah Ya sa aikin ne." Kafin La'asar duk Mansur za ta ji, har da ƙari.

Na auna shinkafa gwangwani biyu kamar kullum. Sai da ta dahu na tuna.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da hantsi

Ba ciwon kai ba ne. Bai taɓa zama ciwon kai ba.

Ranar Lahadi ce, da irin wannan hantsin. Kowa ya tafi coci, ana jin ganga da muryar mata daga gidanmu. Na ce wa Mama kaina ke ciwo. Ta taɓa goshina ta ce in kwanta, ta rufe mini kunun acca da faifai. Shekarata goma sha tara. Kabo yana jira a tashar Kafanchan, direban babbar mota, Bakano, mai dariya da dukan jikinsa. Kwana uku kafin nan na yi shahada a gaban wani malami a bayan kasuwa, ina maimaita kalmomin ina kallon takalmin Kabo. Ba waƙa, ba haske. Malamin ma sauri yake, ana jiran sa wurin suna.

Na ninke farar rigata, wadda Mama ta ɗinka ta sa wa tsakuwa bakwai, na ajiye a kan tabarmarta. Saƙon da na bari ke nan. Na ce zan rubuto mata daga baya, in komai ya lafa. A Kano na ce sai mun isa Makka. A Makka na ce sai na haihu. Da na haihu kunya ta hana ni. Raghad tana da shekara tara wani alhaji ɗan wajenmu ya gaya wa Kabo cewa Mama ta rasu, kuma har ta rasu ba ta yarda an ɗauke tabarmata daga ɗakin ba.

Imani ya zo, ban ce bai zo ba. Amma sai bayan shekara shida, a Arfa, ina kankare tukunyar shinkafar alhazai a bayan tanti, hannuna duk maiƙo, ba wanda yake kallona. Kawai na ji na yarda. Tun ranar ban taɓa shakka ba, kuma a kan wannan addini nake roƙon in mutu. Sai dai Allah ne Ya ji tausayina, ba dabarata ba ce, kuma imanin bai dawo mini da Mama ba.

Yanzu wani mai rabin gemu ya mai da wannan wasa, da fitilu da garaya, ya ce uwa ba ta da muhimmanci.

Talata, 29 ga Oktoba, bayan Azahar

Na kira Irmiya. Muryarsa ta magana ƙarama ce, ba ta kai rabin abin da ake zuzutawa ba. Ya ce, "Mama, ina wuni, ya gajiya?" da irin Hausar can, wadda na yi shekara talatin ban ji ba. Saura kaɗan in kashe wayar.

Na ce ba gaisuwa ta kawo ni ba. "Me ka gaya wa 'yata?"

"Aikin tsakuwar kawai, Mama. Sauran ba nawa ba ne."

"Allah kake so ko Raghad?"

Ya ce, "Mama, in na ce miki na iya rabewa, na yi ƙarya."

Na so ya yi ƙaryar, da na sami abin kama shi.

Na gaya masa labarina. Ban da Kabo babu wanda ya taɓa ji a garin nan, sai ga shi na zazzage wa ɗan waƙa a waya, ina kallon bango. Sannan na ce ga sharaɗina. Kafin ofishin da'awa, kafin takarda, ya hau jirgi ya je garinsu Zonkwa ya tsaya gaban uwarsa ya faɗa mata da bakinsa. Ba a waya ba. Ya tsaya har ta gama duk abin da za ta ce, in zagi ne ya sha, in kuka ne ya kalla. In bayan haka yana nan a kan bakansa, ya dawo, ni da kaina zan dafa masa abinci.

"Mama, in na ga fuskarta ban sani ba ko zan iya dawowa."

"Shi ya sa na ce ka je."

Ya ce Raghad ba za ta yafe mini ba. Na ce wannan tsakanina da 'yata ne, kuma kada ya kuskura ya ba ta labarina. Kafin ya ajiye ya ce wuyan rigarsa ya yi masa daidai. Dama zai yi.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da hantsi

Jiya aka yi wasan. Ɗaso ta hawo da waya tana haki. "Maman Raghad, zo ki ga 'yarki, wallahi kamar ba ita ba!" Ɗason da ta yi mako tana yawo da mu a baki, yau ita ce mai share hawaye.

Na kalla. Wasu ƙarti biyu a ɓoye suna jan shuɗin yadi, wai kogi. Alhajin ƙarya ya naɗa rawanin a karkace. Masu kallo da ba su jin Hausa suna tafi a inda bai kamata ba. Shirme dai, yadda na zata. Sai Raghad ta fito cikin farar rigar, ɗankwali ya rufe kunnuwa, ta durƙusa, kiɗa ya ɗauke, na ji ƙwas a kan katako. Ban taɓa lura tsayuwar Mama gare ta ba sai yau. Na ce wa Ɗaso ta tafi da wayarta, idona ba ya son hasken.

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan La'asar

Jiya Irmiya ya tafi. Raghad ta rubuto: "Kin kore shi. Mabruk. Kada ki jira ni." Barka take yi mini, wai. Ko gaisuwa babu. Na kife wayar.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan Magariba

Ba ta kira ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da hantsi

Ba ta kira ba. Na zauna a keke don in ga ko zan iya ɗinki ranar Lahadi. Na iya.

Laraba, 13 ga Nuwamba, bayan Azahar

Bandar ya zo da sabon tunani. "Hala, zan ƙara uwa a wasan." Sai yanzu. Na ce ya ƙara, amma kada ya ba ta waƙa, ya bar ta ta zauna kusa da kwanon kunu. Ya rubuta a waya kamar na faɗi abin kirki.

Yana sauka ya juyo ya ce Raghad ba ta cin abinci, kuma tana neman ɗakin haya a Jidda. Na ce Allah Ya ba ta mai kyau. Da na rufe ƙofa sai na zauna a nan bayan ƙofar. Tsoro nake ji, babu amfanin ɓoye wa littafi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, bayan La'asar

Da hantsi na ji makulli a ƙofa. Raghad ce, ba akwati, sai leda ɗaya da waya a hannu. Ta rame. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Irmiya ya turo saƙon murya. Naki ne, daga uwarsa. Na saurara sau biyar, rabi ban fahimta ba."

Ta danna. Muryar tsohuwa ce, a bayanta ana daka.

"Baiwar Allah, ina gaisuwa. Ni ce Lami, uwar Irmiya. Ya zo ya faɗa mini. Ban yarda ba, kada wani ya ce miki na yarda. Kwana uku ban ci abinci ba. Yana nan, muna magana, yau faɗa gobe kuka, abin da zai yi kuma shi da Allah. Amma ya tsaya a gabana, ban ji a bakin 'yan kasuwa ba. Ya ce ke kika turo shi. Wannan kaɗai na ce bari in gode. Ya kuma ba ni labarin tsakuwa. Mu nan biyar muke sawa, bakwai sai mutanen hayin kogi. Ke 'yar wace ce?"

Raghad ta ce, "Esh take nufi, 'yar wace ce?"

Na so in ce tsohuwar ta ruɗe. Ƙaryar tana bakina a shirye, na saba da ita. Sai na ga 'yata ba ta ajiye ledar ba, ba ta cire takalmi ba, tana tsaye dab da ƙofa. Na ce ta danna wurin ɗaukar murya ta riƙe mini.

Na ce, "Mama Lami, na ji saƙo. Hadijatu nake a nan, kuma musulma ce ni. Amma sunan da aka raɗa mini Rifkatu. 'Yar Kyauta ce ni, mai ɗinki, ta hayin kogi, gidan bayan coci. Ta rasu ban je ba. In akwai wanda ya san inda aka sa ta, a gaya mini."

Yatsan Raghad ya sauka daga wayar, saƙon ya tafi. Ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Ta yi kuka, ta yi mini faɗa da Larabci. "Shekara ashirin da huɗu, Ummi! Ina da kaka ban sani ba!" Ban kare kaina ba. Ba ta ce ta yafe ba. Da aka kira Azahar muka yi salla, tana gefena, bayan nan ta buɗe ledar ta fito da farar rigar ta rataye a ƙusar da take rataye abayarta.

Sannan ta ce in sake faɗa mata sunan kakarta. Na faɗa. Ta ce "Kiyota," kamar sunan mota. Yarinyar da ta cika zaure a Jidda da murya ba ta iya faɗin sunan kakarta ba. Na sa ta maimaita har sau huɗu kafin ya fito daidai, sannan na tashi na auna shinkafa gwangwani biyu.